Idan Kyamara Ta Ƙi Tura Hotuna Zuwa Kwamfuta

'Yan uwa ɗalibai, idan hotuna suka ƙi wucewa ta Wi-Fi, ba lallai kyamarar ce ta lalace ba. Kyamarori da yawa suna buɗe Wi-Fi nasu na kansu, don haka sai kwamfuta ta bar na makaranta ta shiga na kyamarar. In kuwa ta na makarantar za su haɗu, a tuna wasu kyamarori 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, ba sa ganin 5 GHz. A kuma duba batir, domin kyamara na mutuwa aikin ya yanke.

In abin ya faskara, a zare katin memori a sa a kwamfuta. Amma kada a goge katin sai an buɗe hotunan an ga sun cika.