Fadar Damagaram: ginin ƙasa da ya haura shekara 170

Duk wanda ya hau mota daga Tasawa ya yi gabas, bayan tafiyar kilomita 100 da ƴan kai zai iske kansa Damagaram. A cikin tsohuwar unguwar da ake kira Birni, nan fadar Sarki take. An gina ta wajen 1850, kuma sunan da ake haɗawa da ita shi ne na Sarki Tanimun, wanda ya kewaye garin da ganuwa, ya ƙera manyan bindigogi, ya rasu a 1884. Turawan Faransa sun ci garin a 1899, suka mai da shi babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926. Duk wannan ya wuce, fada tana nan tsaye.

To da mi aka gina ta? Da abin da muke takawa kullum. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana, a mulmula tubali da hannu a shanya a rana. Magini ya jera su, ƙasan bango da kauri ƙwarai, yana hawa yana ragewa. Kaurin nan shi ke riƙe sanyi, shi ya sa mai jiran fadanci a zaure ba ya jin zafin bazara kamar na ɗakin kwano. Kada mu manta kuma, ƙasa da ruwan irin wannan aiki a kan talakawa da bayi suka zo.

Gwanintar tana wajen rufi. Azara guntuwa ce, ba ta ƙetare babban ɗaki. Sai magina suka yi dabara: su kafa azara cikin bango, su ɗaura wata bisanta ta zarce kaɗan, su ƙara wata, har na dama da na hagu su gamu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. Ana son azarar giginya don gara ba ta cinta da sauƙi. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Jumma'a na Zariya a shekarun 1830.

Ado kuwa a fuskar gida ake yinsa, tun yaɓe yana ɗanye. A gidajen Birni za ka ga dagi da kewaye-kewaye irin na wuyan babbar riga, ga zankwaye a bisa, ga indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. Indararon nan, a ganina, ya fi dagi daraja, ko da yake ba shi baƙi ke tsayawa kallo ba.

Ginin ƙasa ba ya son sakaci. Fada ta daɗe ne don ana gyara ta, ana sake yaɓe. A da ana jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba, a gauraya da ƙasa, ruwa ya sauka ya zame. Yanzu ɗorawa da giginya sun yi wuya, samari sun koma bulo da siminti, tsofaffin magina suna ƙarewa ba magaji. Alhali sana'ar ba ta raini ba ce: Falke Barmu, maginin masallacin Yama a ƙasar Tawa, aikinsa ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A 2006 kuma Nijar ta miƙa sunan Birni da fadar ga UNESCO.

Mu nan Isawan da Mayahi ƙasarmu jigawa ce, lakar gini sai an je bakin tabki da amalanke. Don haka wanda yake da soro ko rumbun laka ya duba rufi tun kafin ruwan farko, ya liƙe tsaga, ya buɗe indararo. Garin da ke da tsohon magini kuma, a sa yaro biyu ko uku su bi shi aikin ranin bana.