Hannun Wa Ya Gina Dalar Giza?

Daga cikin gine-gine bakwai da Girkawan dā suka lissafa a matsayin abubuwan al'ajabi, ɗaya ne kaɗai ya rage a tsaye, wato babbar dalar Giza da ke gefen birnin Alƙahira. An gina ta ne domin ta zama kabarin Fir'auna Khufu, wajen shekara ta 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsayinta na asali mita 146 ne, duwatsun jikinta kuwa an ƙiyasta sun kai miliyan 2.3, kuma ta shafe shekaru kusan 3,800 ba a yi ginin da ya kere ta ba. Wannan girma ne ya sa wasu ke cewa aikin ya fi ƙarfin ɗan'adam: a wajenmu a ce aljanu ne, a Turai da Amurka a ce wasu halittu ne suka sauko daga sararin samaniya. Amma abin da aka tono daga ƙasar Masar ya nuna cewa mutane ne suka gina ta, kuma al'ajabin yana cikin tsarin da suka bi.

Hujja ta farko ita ce kurakuran maginan. Kusan shekara ɗari kafin Khufu, wani magini mai suna Imhotep ya gina wa Fir'auna Zosa dala mai hawa shida a Sakkara, kamar matakala. Sai Sneferu, mahaifin Khufu, ya nemi mai gefe sumul. Wadda ya fara a Dahshur an ɗauko ta da tsini sosai, ginin ya soma tsagewa, dole aka rage karkatarsa daga digiri 54 zuwa 43 ana tsakiyar aiki. Har gobe tana nan a tanƙware, kowa na gani. Sai a dala ta gaba, wadda ake kira Jar Dala, aka dace. Da koyo akan iya, in ji Hausawa, kuma wanda ya yi gini ya tsage, ya gyara, ya sake, ai almajirin sana'a ne. Aljani da ake cewa yana aiki cikin ƙiftawar ido ba ya bukatar gwaji.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, domin su kansu ma'aikatan sun bar shaida. A shekarar 2013, masanin nan ɗan Faransa Pierre Tallet ya gano wasu takardun ciyawar bardi a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya. A ciki akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ya riƙa rubuta yadda shi da mutanensa ke lodin farin dutse a jirgin ruwa daga Tura, su bi kogin Nilu da magudanai su sauke a Giza, har ya ambaci Ankhhaf, ɗan'uwan Fir'auna, a matsayin mai sa ido kan aikin. A kudu da dalar kuma an tono garin ma'aikata guda, da gidajen gasa burodi, da rumbuna, da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki da aka yanka musu. A 1990 aka gano maƙabartarsu, inda aka ga ƙasusuwan da suka karye aka ɗora su suka warke.

Mai musu zai ce, to ta yaya mutanen da ba su san ƙarfen ƙira ba, sai kurfin tagulla da duwatsun daka, za su ɗaga dutse mai nauyin tan biyu da rabi? Tambayar tana kan hanya. Sai dai mafi yawan duwatsun a nan Giza aka fasa su, dab da wurin ginin. Duwatsu masu tauri na ɗakin Fir'auna ne aka ɗauko daga Aswan, tafiyar kilomita kusan 800, kuma ruwa ne ya ɗauko su. A tudu kuwa kan katako ake ɗora dutse a ja da igiya. Wani zane a kabarin wani basarake mai suna Jehutihotep ya nuna jama'a na jan ƙaton gunki, mutum guda a gaba yana zuba ruwa a ƙasa, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Amstadam a 2014 ya nuna cewa yashi mai danshi na iya rage ƙarfin da ake bukata da kusan rabi. Masana na da saɓani kan siffar gangaren da aka bi aka hau da duwatsun, amma saɓani kan siffar tsani ba ya nufin da fiffike aka hau. In aka raba duwatsun a kan shekara 20, za a samu kusan 315 a rana, abin da ma'aikata dubu 20 zuwa 30 za su iya idan an rarraba su rukuni-rukuni.

Akwai kuma masu cewa bayi ne, musamman Bani Isra'ila. Lissafin tarihi bai yarda ba, domin dalar ta girmi zamanin Annabi Musa (AS) da fiye da shekara dubu. Kuma bawa da ake kora da bulala ba a binne shi kusa da kabarin sarki tare da tulunan abinci. Wannan ba ya nufin kowa da son ransa ya zo. Ban da ƙwararrun magina na dindindin, sauran talakawa ne da ake ɗebowa daga ƙauyuka bi da bi, aikin sarki da ba a ƙi, wanda ya ci ƙashin bayan mutane da dama.

Ashe ke nan abin dubawa a Giza shi ne hukumar da ta iya ciyar da dubban mutane kullum, ta lissafa jiragen ruwa, ta rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, shekara da shekaru ba tare da aikin ya tsaya ba. Duk wanda ya miƙa wa aljanu wannan aiki ya tauye haƙƙin Merer da mutanensa, ya kuma ba wa kansa uzurin zama, tunda abin da aljani ya yi ba a tambayar mutum don me bai yi irinsa ba.