Baƙaƙe Masu Ƙugiya a Baƙin Allon Kwamfuta: Misali Daga Zangon Lome

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe da ya fita tattara kalmomi yakan so ya yi amfani da ƙaramar manhaja don ta ƙirga masa su ko ta jera su bisa tsarin abajada. Irin wannan manhaja tana fitar da sakamakonta ne a tagar umarni, wato baƙin allon nan da babu komai cikinsa sai rubutu. A nan ne sau da yawa ƙasa kan fito a matsayin ãÖasa, ko ?asa. Wannan takarda za ta bayyana musabbabin haka da kuma hanyar gyara, ta hanyar misali daga Zangon Lome, babban birnin ƙasar Togo.

2.0 Me Ya Sa Aka Zaɓi Zangon Lome?

Zango, wanda ake kira Zongo a Togo da Gana, masauki ne na fatake da baƙi, kuma Hausa ce harshen hulɗa a cikinsa. Tsohon Zangon Lome a tsakiyar gari yake, har zuwa shekarar 1977 da hukuma ta rushe shi ta mayar da mazaunansa arewacin birnin. Masanin nan na ƙasar Faransa, Michel Agier, ya yi nazarin 'yan kasuwar wannan unguwa a littafin da ya fitar a 1983.

Wanda ya je aiki a wannan wuri zai haɗu da rubutu iri uku. Akwai Faransanci, harshen hukuma, mai é da è da ç. Akwai Ewe, mai ɖ da ƒ da ʋ da ŋ da ɛ da ɔ. Ga kuma Hausa da ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ wanda ake rubutawa a Nijar a gurbin 'y ta Nijeriya. Saboda haka jerin kalmomi guda ɗaya na iya ɗauke da dukkan nau'o'in matsalar.

3.0 Harafi a Wurin Kwamfuta

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane harafi yana da lambarsa a cikin wani jadawali. Jadawalin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, gurabe 128 kawai yake da su, kuma ya wadatar da Ingilishi. Daga baya aka faɗaɗa zuwa 256, sai kowane yanki ya cike sababbin guraben da nasa baƙaƙen. Kwamfutar IBM ta 1981 ta zo da jadawali mai lamba 437, aka yi wa Yammacin Turai mai lamba 850, sannan Windows ta yi nata mai lamba 1252. Duk cikinsu babu mai ƙ ko ɗ ko ɓ.

Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ ta sami 409, ƴ 436, ɓ 595, ɗ kuma 599. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar adana waɗannan lambobi a cikin fayil. A wannan tsari harafin Ingilishi yana cin ma'auni ɗaya da ake kira bayit, amma harafi mai ƙugiya yana cin biyu. Alal misali, ana adana ƙ da lambobi 198 da 153 a jere.

4.0 Alamomi Uku na Ciwo Uku

A ɗauka ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta a Zango, wadda aka saita ta da Faransanci. Tagar umarni ta Windows a irin wannan kwamfuta kan tashi ne da jadawali 850. Fayil ɗinsa kuwa a UTF-8 yake.

4.1 Harafi ɗaya ya zama biyu

Manhaja ta aika 198 da 153 tana nufin ƙ. Allo ya duba jadawali 850, ya ga 198 na nufin ã, 153 na nufin Ö, sai ya nuna ãÖasa. Haka ɗaya za ta fito ╔ùaya, sunan Lomé kuma ya koma Lom├®. Idan da jadawali 1252 aka karanta, Æ™asa da LomÃ© za a gani. A nan babu abin da ya salwanta. Rubutun yana nan lafiya, mai karatu ne ya ɗauko jadawalin da ba shi ba.

4.2 Alamar tambaya

Wani lokaci manhajar ce ke ƙoƙarin mayar da rubutun zuwa tsohon jadawali kafin ta aika. Za ta sami gurbin é, saboda haka Faransanci zai fito daidai. Da ta zo kan ƙ kuwa, babu gurbi, sai ta sa alamar tambaya, wata ma ta tsaya cak. Wannan shi ne mafi haɗari. Idan aka adana sakamakon a haka, ƙugiyar ta tafi ke nan, domin ɓ da ɗ da ƙ duk sun zama alama ɗaya. Wanda ya sami fa?a zai iya cankar faɗa, amma ?ari fa, ɗari ce ko ƙari ko ɓari?

4.3 Ɗan akwati

Idan ɗan akwati ya bayyana a gurbin harafi guda, to lamba ta iso daidai, allo ya gane ta, sai dai zubin haruffan da aka zaɓa ba shi da hotonta. Maganin wannan shi ne sauya zubi kawai.

5.0 Hanyar Gyara

Da farko a adana fayil a UTF-8, a kuma gaya wa manhaja a fili cewa da UTF-8 za ta karanta ta kuma rubuta. Na biyu, a buga chcp a tagar umarni don a ga jadawalin da take kai. Idan ta nuna 850 ko 437, sai a buga chcp 65001, wanda shi ne lambar UTF-8 a Windows. Na uku, a zaɓi zubin da ya ƙunshi baƙaƙen Afirka, irin su Noto Sans Mono.

Abubuwa sun yi sauƙi a kan da. Tun daga siga ta 3.6 da ta fito a 2016, Python tana aika wa allon Windows rubutu ta Unicode kai tsaye. Amma idan aka karkatar da sakamako zuwa fayil, tsohon jadawali na iya dawowa, don haka a riƙa buɗe fayil ɗin ana dubawa. Linux da macOS kuwa galibi a kan UTF-8 suke tun farko.

6.0 Tarko Biyu ga Ɗalibin Harshe

Na farko shi ne kamanni. Ɗaya a Hausa da ɗ take farawa, ɖeka kuma, wadda ke nufin ɗaya a Ewe, da ɖ. Ta Hausa ƙugiyarta a sama take, ta Ewe wutsiyarta a ƙasa. Lambobinsu maƙwabta ne, 599 da 598, kuma a ƙaramin rubutu ido na iya ruɗuwa. Wanda ya ari harafin Ewe ya rubuta Hausa, manhaja ba za ta nemo masa kalmar ba, kuma za ta ƙirga ta daban.

Na biyu shi ne karin sauti da tsawon wasali. Rubutun yau da kullum ba ya nuna su, amma ƙamus da littafin koyarwa suna nunawa. Dubi bā̀kī na magana, da baƙī na launi, da bā̀ƙī masu sauka a zango. Wasalin ā̀ ba shi da lamba guda a Unicode. Haɗi ne na ā da wata alama mai hawa kanta, mai lamba 768. Tsohuwar tagar umarni takan kasa ɗora wannan alama a mazauninta, sabuwar Windows Terminal da ta fito a 2020 ta fi ta iyawa. Haka kuma manhaja na iya ƙirga bā̀ƙī da alamomi biyar, alhali ido huɗu yake gani.

7.0 Kammalawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cire ƙugiya gaba ɗaya don allo ya yi tsaf. Yin haka yana haɗe kafa da ƙafa, fada da faɗa, baki da baƙi, kuma aikin da aka sha wahalar tattarawa ya rage amfani. Abin da ya kamata shi ne a fara duba irin alamar da ta bayyana, a gane ko jadawali ne ko zubi, sannan a gyara, ba tare da an taɓa ainihin fayil ba.

Aikin yi: Rubuta ƙasa da ɗaya da ɓera da Lomé da ɖeka a fayil na UTF-8. Nuna shi a tagar umarni da umarnin type, sau ɗaya a jadawali 850, sau ɗaya a 65001, sannan ka bayyana bambancin da ka gani.