Yadda jam'iyyu ke rige-rigen laƙaba wa abokin hamayya suna tun kafin a buga gangar siyasa

A unguwar Kwararafa da ke tsakiyar birnin Jos, kamar sauran unguwannin Najeriya, muhawarar zaɓe kan kankama a teburin mai shayi da rumfunan kasuwa tun kafin hukumar zaɓe ta INEC ta ba da damar fara kamfe. Sau da yawa kafin ɗan takara ya buɗe baki ya bayyana manufofinsa, jama'a sun riga sun san shi da wani suna da abokan hamayyarsa suka laƙaba masa.

Jam'iyyu na yin hakan ne da gangan. Mai zaɓe ba ya da lokacin bin diddigin kowane ɗan takara, don haka siffar farko da ta shiga kunnensa ita ce ma'aunin da zai riƙa auna duk abin da ya ji daga baya. Wanda aka riga aka shafa wa baƙin fenti kuwa, sai ya ƙarar da lokacinsa da kuɗinsa wajen wanke kansa maimakon tallata abin da zai yi wa jama'a.

A ƙasar Kanada, jam'iyyar Conservative ta fara sakin tallace-tallace a 2009 da ke nuna sabon jagoran jam'iyyar Liberal, Michael Ignatieff, a matsayin baƙon da ya shafe shekaru a ƙasashen waje, ya dawo neman mulki kawai. Da aka yi zaɓe a 2011, jam'iyyarsa ta tashi da kujeru 34, shi kansa ya rasa tasa. A Amurka ma, kwamitin yaƙin neman zaɓen Barack Obama ya kashe maƙudan kuɗi tun watanni kafin zaɓen 2012 wajen nuna Mitt Romney a matsayin attajirin da bai damu da ma'aikata ba.

Najeriya ta ga irin wannan a fili gabanin zaɓen 2015. 'Yan adawa sun daɗe suna siffanta Shugaba Goodluck Jonathan da wanda bai san inda aka dosa ba. A ɗaya ɓangaren, a watan Janairun 2015 gwamnan Ekiti na lokacin, Ayodele Fayose, ya ɗauki nauyin talla a shafin farko na wasu jaridu, ɗauke da hotunan shugabannin da suka rasu a kan mulki tare da na Muhammadu Buhari. Tashar AIT kuma ta nuna shirye-shiryen suka a kan Buhari da Bola Tinubu, abin da ya sa Tinubu ya kai ta kotu yana neman diyyar naira biliyan 150, har ta nemi afuwarsa a 2016. Duk da haka Buhari ya yi nasara, wanda ke nuna cewa sukar da ta wuce gona da iri kan koma wa mai ita.

A Jihar Filato, laƙabin da ya fi kama jiki shi ne wanda ya taɓo shiyya ko ƙabila ko addini. A 2015, masu adawa da ɗan takarar gwamna na PDP, Sanata Gyang Pwajok, sun tsaya kan cewa Gwamna Jonah Jang na son miƙa mulki ga ɗan ƙabilarsa kuma ɗan shiyyarsa ta arewacin jihar. Batun karɓa-karɓa ya mamaye kamfe, Simon Lalong na APC daga shiyyar kudu ya lashe zaɓen.

Bayan shekara bakwai sai reshe ya juye da mujiya. Tinubu ya zaɓi Kashim Shettima a matsayin mataimaki a watan Yulin 2022, aka kuma naɗa Lalong babban daraktan yaƙin neman zaɓensa. Kafin a buɗe kamfe a hukumance ranar 28 ga Satumba, laƙabin tikitin Musulmi da Musulmi ya riga ya game jihar. APC ta ƙaddamar da kamfenta na ƙasa a filin wasa na Rwang Pam da ke Jos a watan Nuwamba, amma Peter Obi na jam'iyyar Labour ne ya lashe ƙuri'un Filato, Caleb Mutfwang na PDP kuma ya zama gwamna.

Abin da ya sa lamarin ya fi nauyi a Jos shi ne tarihinta. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a watan Nuwamban 2008 ya ci rayukan ɗaruruwan mutane, kuma har yanzu unguwanni da dama a rabe suke bisa addini. A irin wannan gari, tallan da ya nuna ɗan takara a matsayin wakilin wani ɓangare yana shafar maƙwabta da abokan ciniki da ke wannan ɓangaren, waɗanda za su ci gaba da zama tare bayan an kammala ƙirga ƙuri'u.

A zaɓen 2023, Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana kalaman ɓatanci da ka iya tunzura addini ko ƙabila ko ɓangaranci a kamfe, ta kuma ƙayyade fara kamfe kwana 150 kafin ranar zaɓe. Hukumar NBC na sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ARCON kuma na tantance tallace-tallace. Sai dai mafi yawan sukar farko ba ta bi ta waɗannan ƙofofi. Tana fitowa ne daga ƙungiyoyin magoya baya, da mawaƙan siyasa, da sojojin baka, da saƙonnin WhatsApp da Facebook da ba a san mai su ba.

Suka a kan aikin da ɗan takara ya yi, ko kuɗin jama'a da ya riƙe, halaliya ce a dimokuraɗiyya, domin ana iya bincika ta a gano gaskiya. Mai zaɓe zai iya bambance ta da ɓatanci idan ya tambayi wanda ya biya kuɗin tallan, da hujjar da aka kawo, da kuma ko zargin ya shafi abin da mutumin ya aikata ne ko kuwa asalinsa da addininsa.