Hawan jini ba ya sallama, sai an auna ake ganin sa

A garuruwan ƙasar Magariya da Dungas kowa ya san irin wannan labari. Magidanci ya wuni gona lafiya lau. Ya ci tuwon dare, ya kwanta. Da asuba hannu da ƙafa na gefe guda sun ƙi motsi, baki ya karkace, magana ba ta fita. Sai a ce iska ce ta buge shi, ko sammu aka yi masa. A sayar da akuya, a sayar da hatsi, a yi ta yawon neman magani. Alhali sau da yawa hawan jini ne ya kayar da shi, wanda a likita ake kira tansiyo. Ya shekara da shekaru a jikinsa, ba wanda ya sani.

Zuciya ce ke tura jini cikin jijiyoyi, kamar yadda injin ban ruwa ke tura ruwa cikin tiyo a garka. In ƙarfin turin ya yi yawa kullum, jijiya takan gaji. Wata rana ta fashe ko ta toshe. In a cikin kai abin ya faru, ɓarin jiki ya shanye. Hawan jini yana kuma lalata zuciya da ƙoda da idanu.

Ba cutar attajirai ba ce kaɗai, ba kuma ta ƴan birni ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce cikin manya uku ɗaya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Galibi ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri. Awo kaɗai ke tona shi.

Ana yin awo a likita, a Magariya, da Dungas, da Bande, da Waca. Amma akwai kuma ƙaramar na'ura mai aiki da pil, wadda ake ɗaurawa a damtse. Duk wanda ya iya karanta lamba zai iya aiki da ita. A nan ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci suke da babban amfani ga garinsu. In ta yi wa mutum ɗaya tsada, ƴan aji ko ƙungiyar mata sai su haɗa kuɗi su saya a farmasi. Ta damtse ta fi ta wuyan hannu gaskiya. A fara kai ta likita a gwada ta da tasu.

Na'urar tana nuna lamba ta sama da ta ƙasa. A nan Nijar a likita akan ce 12 da 8. A Najeriya, kamar a Daura ko Maigatari, sai a ce 120 da 80. Duk abu guda ne, sifiri ne aka cire. Na'urar gida irin ta biyun take rubutawa. Wanda ya ga 130 kada ya firgita, 13 ke nan. Lamba ta uku da ke can ƙasa bugun zuciya ne.

Ga yadda ake awo. Rabin awa kafin a fara, ba goro, ba taba, ba shayi. Mutum ya yi fitsari tukuna. Ya zauna a kujera, ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa, ya huta minti 5. A ɗaura a kan fata, ba bisa riga ba. A ɗora hannun kan wani abu, ko turmi ne a kife, damtse ya zo daidai da zuciya. Ba magana, ko gaisuwa aka yi sai an gama. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, safe da maraice, har kwana 7. A rubuta rana da lambobi a cikin kaye.

Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. A likita, daga 140 da 90 ake cewa jini ya hau. A gida, inda hankali yake kwance, in lambobin suna yawan kai 135 da 85, a ɗauki kayen a tafi likita. In sun kai 180 da 120, ko mutum ya ji ciwon ƙirji, ko gefensa ya mutu, ko maganarsa ta sarƙe, ba jiran gobe, ba jiran ranar kasuwa.

Mai ciki ita ce abin lura ƙwarai. In nata ya kai 140 da 90, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko ido ya yi duhu, ta je likita ran nan. Hawan jini ne ke kawo jijjiga, mai kashe uwa da ɗa. Shi ya sa ake auna ta a kowane awon ciki.

Babban abin da ke hawar da jini a tukunya yake. OMS ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a wuni, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, har da na cikin miya. To, ɗunkulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma danginsa ce. Uwargida ta zuba gishiri, ta jefa magi uku, ta ƙara kanwa, an tara abu guda sau uku ke nan. Mai jego da ake ɗura wa kunun kanwa kwana arba'in, zuciyarta tana shan wuya. A rage kaɗan kaɗan, harshe zai saba. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya daɗi. Zogale, yakuwa, rama da wake suna taimako. Taba kuwa sai bari.

Wanda aka ɗora kan magani ya sha kullum, ko ya ji garau. Maganin yana danne hawan jini ne, ba ya korar sa. In an daina, ya dawo. Kada a ba maƙwabci nasa, kowa da irin wanda ya dace da shi. A yi hattara kuma da ƙwayoyin ciwon jiki da masu talla ke yawo da su a kasuwanni. Wasu, kamar diklofenak da ibuprofen, suna ƙara hawar da jini, suna taɓa ƙoda. Mai hawan jini ya nuna su a likita kafin ya sha.