Injin da Ke Gina Wa Mai Gashin Ciwon Daji Kayan da Suka Dace da Jikinsa

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi daga Funtuwa, ya rubuto cewa ciwon daji ya kama mahaifinsa a hanci, likita ya ce sai an yi masa gashi. Ya ce ya ji ana cewa akwai injin da ke ƙera wa maras lafiya abin da za a ɗora masa a fuska lokacin gashin. Yana son sanin gaskiyar wannan magana.

AMSA: To Malam, da farko Allah ya ba Baba lafiya. Maganar da ka ji gaskiya ce.

Gashin ciwon daji ba da wuta ake yinsa ba. Wani haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano a 1895. Shi wannan haske yana da wata ɗabi'a: ba ya sakin cikakken ƙarfinsa a kan fata, sai ya shiga jiki kamar santimita ɗaya da rabi. Idan ciwon yana can ciki, wannan alheri ne. Amma idan a fata yake, kamar na Baba, to ƙarfin zai wuce shi.

Dabarar likitoci ita ce su ɗora wani abu mai kamar tsoka a kan wurin, kaurinsa rabin santimita ko santimita ɗaya. Suna kiransa bolas. Hasken zai fara ratsa shi, kafin ya iso fata ya riga ya kai ƙarfinsa. Da kakin zuma ko shimfiɗaɗɗiyar roba aka saba yinsa. Matsalar ita ce hanci da kunne ba shafaffu ba ne, robar ba ta kwanciya sosai, sai iska ta shiga tsakani, hasken da fata za ta samu ya ragu.

A nan ne injin ya shigo. Ka san masassaƙi rage itace yake yi har turmi ya fito, ita kuwa maginiyar tukunya ƙara yumɓu take yi, zagaye bisa zagaye. To aikin maginiya injin yake yi, ana kiransa firinta 3D. Wani Ba'amurke, Chuck Hull, ya sami rajistar irinsa na farko a 1986. Za a ɗauki hoton kan maras lafiya da na'urar siti sikan, kwamfuta ta fitar da siffar hancinsa, sannan injin ya narka zaren roba yana shimfiɗawa, kowane zubi bai kai kaurin farce ba. Cikin wasu sa'o'i abin ya fito, ya zauna a fuskar mai shi kamar yadda murfi ke zama a bakin tukunyarsa. Abin sha'awa ga manoma, wata robar da ake yawan amfani da ita, mai suna PLA, daga sitacin masara ko rake ake samo ta.

Amfaninsa a fili yake. Gashi yakan ɗauki makonni, kwana biyar a kowane mako, kuma dole hasken ya sauka wuri ɗaya kullum.

Sai dai Malam, ka lura da kyau. Wannan abu ba shi ne maganin ba, mataimaki ne kawai, kuma ba kowane asibiti ke da injin ba. Na kakin zuma da ƙwararre ya gyara da hannu yana aiki har gobe. Kada ku jinkirta gashi don jiran inji, kada kuma ku tsallake ranaku, domin ciwon daji ba ya jira. Ku tambayi likita wane iri zai sa wa Baba. Allah ya sawwaƙe, amin.