Ko Kun Sani?

Ko kun san ba don zafi aka ƙirƙiro na'urar sanyaya ɗaki ta zamani ba? A 1902 Willis Carrier ya tsara ta domin wata maɗaba'a a Brooklyn, Amurka, inda danshin iska ke ɓata musu takarda. Har yau tsotse danshi na cikin manyan ayyukanta.

Shi ya sa sayen wadda ta fi ƙarfin ɗaki asarar kuɗi ce. Nan da nan za ta sanyaya iska ta tsaya, danshin yana nan, jiki ya riƙa danƙo, musamman da damina. Ƙaramin ɗakin kwana, mai ƙarfin doki (hos) ɗaya ta ishe shi. Falon da ranar yamma ke duka kuwa, sai an ƙara ƙarfi.